Noti Guda Ya Rage

Daren Laraba injin wanki ya tsaya a tsakiyar aiki,
ya yi gurnani sau biyu, ya yi tsit.
Na ɗaga murfin sama na leƙa:
rigunan asibitina shuɗɗa suna iyo,
kumfa tana mutuwa a hankali.

Mai gyara ya ce dala ɗari da ashirin,
kuɗin taka ƙofa kawai, kafin ya taɓa komai.
A Toledo ko kallo sai an biya.
Na ce zan kira shi. Ban kira ba.

Ni fa 'yar Jatau ce, mai gyaran keken ɗinki
a bakin kasuwar Funtuwa,
mai kara kunne jikin ƙarfe ya lumshe ido,
ya ce, "Ladidi, inji ba ya ƙarya,
mutane ne ba sa saurare."

Da kwanon awon shinkafa na kwashe ruwan,
bokiti goma sha ɗaya,
ina hawa ina sauka matakalar ɗakin ƙasa
har gwiwoyina suka fara yi mini gori.

Ran Asabar kwali ya iso:
sabon bel, baƙi wuluk, mai warin taya,
da ɗan famfo, bai fi ƙodar rago ba.

Na zare wuta, na murɗe ruwa, ja da shuɗi.
Zayyanu, ɗan shekara sha huɗu,
tocila a hagu, waya a dama,
haske yana ta yawo a bango.
"Haska nan, kai!"
Muryar da ta fito ba tawa ba ce,
ta Baba ce ta tsallako teku ba biza.

Muka kishingiɗar da injin kamar majinyaci,
na kwanta rigingine kan siminti mai sanyin ƙanƙara,
sifana, filaya, sukudireba a kan cikina.
Noti huɗu suka fito da ladabi,
na biyar ya kafe, tsatsa ta aure shi.
Na ɗiga masa mai, na ba shi lokacin shan shayi,
da na dawo, ya sauko da kansa.

Tsohon bel ya bushe, ya yi zare-zare kamar kilishi.
Amma ba shi kaɗai ne mai laifi ba.
A maƙogwaron famfo na zaro
kwabbai uku, da fil ɗin ɗankwali,
da wani ƙullin tsumma, baƙi, mai yauƙi.
Na ɗauraye shi a bokiti, sai ga rawaya,
sai ga ɗan agwagwa a diddige.

Safa ce.
Wadda na birkice gida ina nema
safiyar da zan fara kai shi gidan reno,
na makara aiki, na yi masa tsawa,
ya tafi da ƙafa ɗaya rawaya, ɗaya fara,
yana waiwayena ta gilashi.
Shekara goma sha ɗaya tana maƙale a nan,
tana shan wankin duk abin da muka sa.

Zayyanu ya ajiye waya.
Ya zura safar a babban yatsansa, ta tsaya cif.
Na dubi takalminsa a gindin matakala,
kwale-kwale guda biyu.
Ba wanda ya ce komai.
Tocilar dai ta daina rawa.

Na ɗaura bel, ya cije mini yatsa,
na tsotse jinin, na ɗaure famfo, muka tayar da shi.
Bismillah. Ruwa ya zubo,
sandar tsakiya ta juya dama, ta juya hagu,
cakwal, cakwal, kamar ba ita ba.

Sai ga noti guda a ƙasa, yana ƙyalli.
Na duba ko'ina, ban ga gurbinsa ba.
Baba yana da gwangwanin madara cike da irinsa,
bai taɓa gaya mini daga ina suke ba.

Na jefa shi cikin safar, na ƙulle bakinta,
na rataye a ƙusa saman injin.
In yana matsar kaya, gida na girgiza,
ita ma tana lilo.